Gubar da hanci ba ya ji: janareta, garwashi da ɗakin da aka rufe

Labarin kusan iri ɗaya ne duk inda aka ji shi. Ba a ga maigida a masallaci da asuba ba, hantsi ya yi yara ba su fito makaranta ba, gida tsit. A buga ƙofa, a kira waya, daga ƙarshe a ɓalle. Sai a tarar da mutane kwance kamar masu barci, wani ya yi amai a kan filo, wani ya faɗi a bakin ƙofa da alamar ya yi yunƙurin fita, janareta kuma yana lungu ko a kicin, mai ya ƙare ya mutu da kansa. Kafin azahar unguwa ta ɗauka: wasu su ce tuwon dare ne, wasu su ce an zuba musu wani abu, wasu su ambaci sammu. A irin wannan gida, abin da ya kamata a fara zargi shi ne iskar kabon monoksayid.

Duk abin da ake ƙonawa ana samun wuta, fetur ne, kalanzir, gas, itace ko gawayi, yana buƙatar iskar oksijin. In oksijin ta wadata, ƙunar takan kammala. In ta yi ƙaranci, ko injin ya lalace, ko toka ta lulluɓe garwashi, sai ƙunar ta tsaya rabi, abin da ke fitowa shi ne kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Wannan shi ne asalin haɗarinta. Hayaƙin ɗanyen itace yana korar mutum daga ɗaki da kansa saboda yajin da yake yi wa ido. Ita kuwa wannan ba ta ba da wani gargaɗi. Nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, saboda haka ba ta taruwa a sama kaɗai ko a ƙasa kaɗai, gauraya take yi ta cika ɗaki, na kan gado da na kan tabarma duk ta same su.

Abin da take yi a jiki ba shi da wuyar ganewa. A cikin jini akwai sinadarin himogulobin, shi ne ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Kabon monoksayid tana kama wannan sinadari da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Da zarar ta hau ta zauna, ba ta sauka da wuri, kuma ɗan oksijin da ya rage a jinin ma sai ya riƙe, ya ƙi sakinsa ga nama. Mutum yana numfashi, ƙirji yana sama yana ƙasa, amma ƙwaƙwalwarsa tana shaƙewa. Wanda ba ya shan taba, abin da gubar ta kama na jininsa ba ya wuce kashi 2 ko 3 cikin ɗari. In ya kai 20 zuwa 30, ga ciwon kai mai sara, ga jiri, ga tashin zuciya. In ya doshi 50 ko ya wuce, suma ce da mutuwa.

A kula da wani abu a nan, domin shi ne ke amsa tambayar da kowa ke yi, wai me ya hana su tashi su fita. Ƙwaƙwalwa ce take fara shan wuya, ita ce kuma za ta yanke shawarar a gudu. Mutum zai farka ya ji kansa yana sarawa, ya ce gajiya ce, ya gyara kwanciya. Zai sake farkawa ya gane akwai matsala, amma ƙafafu sun mutu, tunani ya rikice, sakatar ƙofa ta gagare shi. Wanda kuwa barcinsa ya yi nauyi, ko ya sha maganin barci ko maganin mura mai sa gyangyaɗi, ba ma zai farka ba.

Masu auna iska suna ƙidaya wannan guba da kashi cikin miliyan. A kashi 200 cikin miliyan, ciwon kai yakan zo bayan awa biyu zuwa uku. A 400, bayan awa uku rai yana cikin haɗari. A 800, jiri da amai da jijjiga cikin minti 45, mutuwa cikin awa biyu zuwa uku. A 12,800, minti uku ba ya cika. Bari mu mai da wannan lissafin ɗakin kwana. Ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, mita 3 tsayi yana ɗauke da lita 48,000 na iska. Kashi 800 cikin miliyan na wannan lita 38 ne kacal, wato bai cika jarka biyu masu cin lita 20 ba. Sinadarin kabon, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin gawayi, da ake buƙata don a samar da wannan adadi bai wuce giram 20 ba, ɗan abin da tafin hannu zai riƙe. Ba duka gawayin da ke kasko ne ke komawa guba ba, amma kaskon da aka cika yana ɗauke da ninkin-ba-ninkin wannan, kuma yana da dare guda cur yana ci.

Janareta ne kan gaba a garuruwanmu, kuma dalilan da ke sa a shigo da shi ciki dalilai ne na gaske: ɓarayi, ruwan sama, ƙorafin maƙwabta kan ƙara, da gajeriyar waya. Sai a ajiye shi a soro, a ƙarƙashin matakalar bene, a banɗakin da ba a amfani da shi, a kicin, ko a barandar da aka zagaye da ƙarfe da gilashi. Duk waɗannan wurare cikin gida ne. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka tana gargaɗin cewa ƙaramin janareta guda yana iya fitar da kabon monoksayid daidai da ta ɗaruruwan motoci, domin ba shi da matatar da ke rage gubar a salansa. Kuma in yana aiki a rufaffen wuri yana cinye oksijin ɗin da ke wurin, ƙunarsa tana ƙara lalacewa, gubar da yake fitarwa tana ƙaruwa. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya warware wannan. Wani lokaci ma fankar ce ke jawo iskar daga lungu ta tura ta ɗakin kwana. Gubar tana bi ta ƙasan ƙofa, ta ramin wayar wuta, ta gefen na'urar sanyaya ɗaki, ta cikin silin ɗin da ya haɗe ɗakuna. A gidan haya mai ɗakuna jere, janaretan mutum ɗaya yana iya kwantar da iyalin da ko fitila ba su kunna da shi ba.

Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar ita ce ƙafa 20, wato kimanin mita 6, tsakanin janareta da kowace ƙofa, taga ko kafar iska, a fili, bakin salansa yana kallon nesa da gini. Mita 6 taku bakwai ne zuwa takwas na babban mutum. A auna, kada a kintata. Kuma a duba tagar maƙwabci kamar yadda aka duba ta gida. Maganin ɓarawo keji ne na rodi da aka kafe shi a siminti da kwaɗo, da rufin kwano a sama don ruwa, gefe huɗu a buɗe iska tana ratsawa. Ɗakin bulo da aka toshe don rage ƙara, in yana jingine da bangon ɗakin kwana, tarko ne. Maganin gajeriyar waya kuwa doguwar waya ce mai kaurin da zai ɗauki nauyin kayan gidan. Wasu suna sa mai walda ya ƙara wa salansa bututu ya fita ta bango, injin yana ciki. Kada a yarda da wannan dabara. Girgizar inji tana sassauta mahaɗa, walda tana tsagewa, kuma yoyon ba a ganinsa. In gidan ya yi ƙunci har babu inda za a sami wannan tazara, to a kashe janareta kafin a kwanta, a kwana da fitila da fanka masu caji.

Gyaran inji yana rage gubar, ba ya kawar da ita. Matatar iska da ta toshe da ƙurar hunturu, cok da aka manta a rufe, kafireto da ke ba da mai fiye da kima, fulogi da ya yi baƙi, duk suna sa injin ya sha mai da yawa da iska kaɗan. Amma sabon janareta fil da ba ya fitar da hayaƙin da ido ke gani shi ma yana kisa. A watan Disamba na 2024, a wurin shaƙatawa na Gudauri da ke ƙasar Jojiya, an tarar da gawar mutum 12 ma'aikatan wani gidan abinci a ɗakunan kwanansu, bayan an kunna janareta a cikin ginin saboda ɗaukewar wuta. Teloli da ke kwana a shago daf da salla, masu aski, masu cajin waya, masu sayar da kayan sanyi da ke jawo ƙofar shago su bar inji a ciki, duk wannan haɗarin ne a kansu.

Sai garwashi, wanda shi ne na lokacin sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, a Jos, Zariya, Funtuwa, Maraɗi ko Agadas, an riga an toshe tagogi da leda da tsumma saboda ƙura, an saki labule mai kauri, an tura tsumma ƙasan ƙofa. Sai a shigo da kurfoti ko kasko don ɗumama ɗaki. Akwai wata fahimta da ta yaɗu sosai, cewa in an bar gawayi a waje ya gama hayaƙi, ya ruru ya yi jajir, to ya zama lafiyayye. Gaskiyar ita ce hayaƙin da ya tafi shi ne mai gargaɗi, gubar kuwa tana nan tana fita muddin garwashin yana ci. In toka ta fara rufe shi, iska ta rage isa gare shi, nan ne ma ƙunar take komawa rabi-rabi. Ajiye kwanon ruwa kusa da kasko ba ya tsotse komai, wannan iska da ƙyar take narkewa a ruwa. Jiƙaƙƙen tsumma a hanci ko takunkumin asibiti su ma ba sa tace ta.

Ɗakin mai jego ya fi kowane ɗaki buƙatar a yi hattara, domin a nan ne ake haɗa komai: an rufe ko'ina kada sanyi ya kama uwa da jariri, ga garwashin ɗumama ɗaki, ga na turaren wuta. Jariri yana numfashi da sauri fiye da babba, don haka yana kwasar gubar da sauri, kuma ba ya iya cewa kansa na ciwo. Abin da za a gani shi ne ya ƙi kama nono, ya yi laushi, ya yi ta barci, a ce ai yaron ba shi da rigima. Mai ciki ma haka: jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe wannan guba, ya kuma fi daɗewa kafin ya sake ta, har uwa tana iya jin ɗan ciwon kai kawai alhali abin da ke cikinta yana cikin mawuyacin hali. Turaren wuta ba a ce a daina ba. A sa garwashi ɗaya ko biyu, a turara ɗaki da tufafi taga a buɗe na 'yan mintuna, a fitar da kaskon waje a kashe da ruwa ko ƙasa. Don ɗumi kuwa, bargo, safa, hula, da ruwan zafi a gora mai murfi da aka naɗe da zane sun wadatar. Garwashi ba ya kwana a ɗakin da mutum zai kwana.

Risho da gas ɗin girki suna da alamar da ido ke gani. Harshen wuta shuɗi yana nufin ƙuna tana kammala. In ya koma ruwan ɗorawa ko ja, yana lilo, gindin tukunya yana yin baƙi, to kan murhun ya toshe ko lagwani ya lalace, a wanke ko a canza. Babbar tukunya da ta zauna daɓas ta rufe wuta ita ma tana hana iska shiga. Kada a kunna gas don ɗumama ɗaki, kuma mai ɗaki ɗaya da ke girki a inda yake kwana ya buɗe ƙofa da taga har ya sauke. Warin da ake ji in tukunyar gas tana yoyo wani abu ne dabam, sinadari ne da aka zuba da gangan don a gane yoyo, haɗarinsa gobara ce. Rashin jin wannan wari ba ya nufin babu kabon monoksayid. Ɗalibai da matafiya da ke zaune a ƙasashen da ake dafa ruwan wanka da na'urar gas a cikin banɗaki su tabbatar bututunta yana fita waje.

Mota ma tana da nata. Ɗumama inji da safe a cikin gareji, ko da an ɗaga ƙofa, yana tara guba ta shiga gida. Kwana a mota da inji a kunne don shan sanyin esi yana da haɗari in salansa ta huje a ƙarƙashi, musamman motar da aka cire wa matatar nan da kanikawa ke kira indomi, wadda aikinta shi ne mai da mafi yawan gubar iska marar kisa kafin ta fita. Sai masu yasar rijiya da ke zura injin ban-ruwa cikin rami don tsotse ruwa. Rijiya ba ta da mashigar iska sai baki. Na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto ya faɗi a kansa, haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya. Inji ya tsaya a sama nesa da bakin rijiya, tiyo kaɗai ya sauka, mai shiga kuma ya ɗaura igiya a ƙugu da mutane riƙe da ita.

Yadda za a gane ta kafin ta yi nisa yana da sauƙi in an san abin dubawa, domin alamunta sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro ko taifot, shi ya sa ake tafiya kemis a sayo magani a dawo ɗakin da ke kisan. Bambancin guda uku ne. Jiki ba ya zafi. Mutum biyu ko fiye a gida ɗaya suna kuka da abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma in an fita waje ana samun sauƙi, in an dawo ciwon ya dawo. Duk wanda kullum yake tashi da ciwon kai da safe, ya warware in ya isa kasuwa ko ofis, ya tambayi kansa me ke ci da wuta a gidansa da dare. Kyanwa, kaji ko tsuntsun keji da suka yi laushi ko suka mutu babu dalili su ma shaida ne. Masu haƙar kwal a Ingila sun yi ta shiga rami da tsuntsun kanari saboda wannan, sai a 1986 aka maye gurbinsa da na'ura.

In an tarar da mutane a wannan hali, mai ceto ya fara kare kansa. A ja numfashi a waje, a shiga a buɗe ƙofofi da tagogi, a kashe inji in yana kusa, a jawo mutane zuwa fili, kada a tsaya a ciki ana jijjiga su ana kiran suna. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, don kada amai ya shaƙe shi. Wanda ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirjinsa da hannu biyu, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a sami taimako. Kada a ɗura wa sumamme madara, manja ko ruwan rubutu, huhu za su tafi. Madara da manja ba sa cire wannan guba ko ga wanda yake a farke, domin ba a ciki take ba, a jini take. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, amma in akwai mota ko Keke a kusa a ɗauke su nan take zuwa asibitin da ke da oksijin, gilasai a sauke.

Oksijin shi ne maganin. A iskar waje, sai an yi awa huɗu zuwa shida kafin rabin gubar ta bar jini. Da tsantsar oksijin ta abin rufe hanci da baki mai jaka, wanda ake buɗe wa lita 15 a minti, lokacin yana sauka zuwa kimanin awa ɗaya da 'yan mintuna. Saboda haka ko wanda ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kai shi. A gaya wa ma'aikatan asibiti kai tsaye cewa janareta ko garwashi ya kwana kusa da su, domin akwai wani tarko a nan: 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da guba, tana iya nuna 98 ga mutumin da ke daf da mutuwa. Masu ciki, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu sikila ko ƙarancin jini suna buƙatar kulawa ta musamman, har da gwajin bugun zuciya. Bayan sallama kuma iyali su sa ido na kusan mako shida. Wasu sukan warke sarai, sai bayan kwanaki ko makonni mantuwa ta bayyana, ko canjin hali, ko tangaɗi a tafiya, ko rashin riƙe fitsari. Wannan raunin ƙwaƙwalwa ne da gubar ta bari, asibiti za a koma da shi.

Tun da hanci ba ya jin ta, akwai na'urar da ke ji: ƙararrawar kabon monoksayid, 'yar ƙarama kamar tafin hannu, mai aiki da batir. Ba ita ce ƙararrawar hayaƙin gobara ba, ba kuma ta yoyon gas ba, sai a duba a ga an rubuta CO, wato taƙaitaccen sunan kabon monoksayid, a jikinta, tare da lambar inganci EN 50291 ta Turai ko UL 2034 ta Amurka. Mai lambar Turai an tsara ta ta yi ƙara cikin minti 60 zuwa 90 a kashi 50 cikin miliyan, cikin minti 10 zuwa 40 a kashi 100, cikin minti 3 a kashi 300. A ɗauki mai batir, domin lokacin da aka ɗauke wuta ne ake kunna janareta. A sa ta a ɗakin kwana ko a bakin ƙofarsa inda ƙararta za ta tashi mai barci, a daidai tsayin kai, ba bayan labule ko kabad ba, ba kuma a banɗaki mai tururi ba. Gidan bene kowane hawa da tasa. A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, a goge ƙurar da ke toshe kafofinta, a duba ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a baya, domin abin da ke sansano gubar a cikinta yana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10 ko da batir sabo ne. In ta yi ƙara da tsakar dare, ba a cire batir a koma barci. A tashi kowa, a fita waje, a ƙirga yara, a kashe abin da ke ci da wuta, kada kuma a koma ciki sai iska ta ratsa gidan an gano inda gubar ta fito.